Hotunan Kawu Garba

Daga ƙanenka Bello a Tambuwal, zuwa ga Yaya Umaru a Kumasi. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina lafiyarka, da ta maiɗakinka da yara? Yaya cinikin goro? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, Kawu Garba ya sayar da hotunan nan nashi na cikin gwangwani, na 'yan wasan ƙwallo da sanda, waɗanda wani sojan Amurka ya ba shi a yaƙin Bama. Rumbun Kawu ne ya ƙone ƙurmus. Baturen allurar shanu da ya sauka Dogon Daji ya ji labarinsu, ya aiko yana so.

Ni na raka Kawu wurin Baturen. Bature na karanta sunan da ke jikin kowane hoto, Kawu na girgiza kai: "A'a, wanga Mamman ɗan Fakku ne. Wanga Audu ne, ruwa ya ci shi." Ashe tuntuni ya raɗa wa kowanne sunan abokinshi da ya rasu can. Bature ya ce a bar cinikin. Kawu ya ce, "Ɗauki. Su sun huta, iyalina ke jin yunwa."

Dawa ta shigo gida, alhamdu lillahi. Amma har yanzu bayan la'asar yakan buɗe gwangwanin, ba komai ciki, ya kira sunayen abokan nan nashi ɗaya bayan ɗaya.

Ka sa shi a addu'a, da su ma. Inna na gaishe ku duka. In za ka aiko mishi da saƙo, kada ka tambayi hotuna. Ka ce a ba ka labarin Mamman.

Wassalamu.