Ranar da Na Saka Muryar Ƙaninka a Rediyo

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, mutumin da shirunsa ya fi maganar kowa nauyi a kunnena,

Ka gani, ashe na iya. Ni da nake taɓe baki idan masu sauraro suka aiko da gaisuwa ga "tauraruwar zuciyata", ni da nake ce maka irin waɗannan kalmomi na mutanen da ba su da abin faɗa ne, yau ga ni ina jera maka su kamar mai baza kaya a bakin titi. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu, wallahi. Sai dai na san abin da ya sa suka zo mini da yawa haka: ina jan ƙafa ne, don kada in isa wurin da ya kamata in fara.

Ka san aikina, ka sha yi mini tsiya a kansa. Kai ne ka raɗa mini suna mai tonon kaburbura da albashi. Kullum safiya gidan rediyonmu yana son abu uku daga hannuna: wani babban abu da ya faru a rana irin ta ranar, wani abu daga duniyar waƙa, sai wani shahararre da aka haifa. An sa hannu a yarjejeniyar da ba wanda ya cika, an buɗe gada, an rufe jarida, an haifi ɗan ƙwallo. In wanke su, in goge, in miƙa wa mai gabatarwa, shi kuma ya karanta da muryar nan tasa mai fara'a, wadda ba ta bambanta yaƙi da biki. Shekarun da na yi a jami'a ina karanta tarihi, ga inda suka kai ni: ina yanka baƙin cikin duniya ƙanana-ƙanana don ya shiga tsakanin labarai da talla.

Kana tuna yammacin nan a shagonka? Na zo a sake mini gilashin tabarau, ka zaunar da ni a kujerar gwaji, ka ɗora mini ƙarfen nan mai nauyi a hanci kana sauya madubai, kana tambayata wanne ya fi. Sai ruwa ya kece, wuta ta ɗauke, allon haruffa ya mutu. Ba ka cire mini ƙarfen ba, ni ma ban ce ka cire ba. Muka zauna muna jin ruwa yana dukan kwanon rumfa. Wataƙila don ba na ganin fuskarka sosai shi ya sa ka iya magana. Ka ce da can kai mai kaɗa jita ne, ƙaninka ke rera waƙa. Ka ce waƙa ɗaya tak kuka taɓa ɗauka, kuma safiyar da aka fara saka ta a rediyo, a wannan safiyar motar da ta ɗauke shi zuwa wasa ba ta kai ba. Ka ce tun daga ranar ba a sake jin waƙar a gidanku ba, Mama ta naɗe jitar a zane ta ɗora kan sif. Ka faɗi ranar da watan a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Ya kai masoyina, ya kogin da bai taɓa yi mini ambaliya ba! Na riƙe hannunka a ranar, kuma da gaske na riƙe. Hawayen da suka taru a bayan ƙarfen nan nawa ne, ba aro na yi ba. Amma akwai wata mace a cikin kaina da ba ta tashi daga aiki. Kana miƙo mini abin da ka fi ɓoyewa a duniya, ita kuwa tana gefe tana lura da kwanan wata. Ban kore ta ba. Wace irin mace ce ake buɗe wa zuciya ta tsaya duba kalanda?

Da ranar ta matso, sai na tarar gurbin waƙa babu komai. Akwai irin ranakun nan da kamar duk mawaƙan duniya sun haɗa baki sun yi barci. Tarihi na samu, ranar haihuwa na samu har da zaɓi, waƙa ce babu. Shugaban sashe yana ta leƙowa ta ƙofa yana buga agogon hannunsa da yatsa. Na sauka ɗakin ajiyar tsofaffin faya-fayai, wai in ɗan duba kawai, haka na ce wa kaina. Na sami waƙarku a layin ƙasa, a kwali mai ƙura, da hoton samari biyu masu tarin suma. Ɗaya yana dariya da duk haƙoransa. Ɗayan, kai, kana kallon gefe, kamar tun lokacin ba ka son a gan ka.

Ina da hujjoji, ka san ba na rasa su. Na ce girmamawa ce. Na ce muryar da ta kai wannan daɗi bai kamata ta ruɓe a kwali ba. Na ce zan kira ka in nemi izini, na ɗauki waya, na ajiye, don na san amsar. Sannan na yi abin da har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin tebur: rubutun ya yi tsawo, sai na yanke mutuwarsa. Shirin safe ne, ba a son ɓata wa mutane shayi. Na bar cewa a rana irin wannan aka fara jin wata waƙa da ta taɓa cika gari. Mai gabatarwa ya karanta yana murmushi, ya saka waƙar, ƙaninka ya rera baiti biyu, aka shaƙe shi da tallan man goge baki.

Kuma bari in faɗa maka duka, tunda na fara. Wayoyi sun yi ta shigowa. Tsofaffin direbobi, wata mai ɗinki da ta ce da waƙar aka yi bikinta, kowa yana tambaya ina yaron nan ya shiga. Shugaban sashe ya tsaya a tsakiyar ofis ya nuna ni, wai kowa ya zo ya koyi bincike. Na ji daɗi. Na sunkuyar da kai irin na masu kunya, amma daɗi na ji, ya cika mini ƙirji kamar iskar bayan ruwa. Ina cikin wannan daɗin saƙonka ya shigo. Ba zagi, ba tambaya. Ka ce Mama tana kicin, rediyo a kunne. Daga nan ban sake ji daga gare ka ba.

Wayyo ni! Da ma ka zage ni! Da ka zo ka tsaya a ƙofar ofis ka kira ni da duk sunan da na cancanta, da na sami abin riƙewa. Amma ka bar ni da kicin ɗin nan da ban taɓa shiga ba. Ina ganinta tsaye da cokali a hannu, ɗanta yana waƙa daga kan taga, da muryar da ba ta tsufa ba. Ta zauna ne? Ta kashe rediyon, ko ta kasa kai hannu? Wa ke kusa da ita?

Akwai abin da ba na jin ka sani, kuma shi ne ya sa nake rubuta wannan maimakon in ci gaba da kiran wayar da ba ka ɗauka. Jiya Mama ta zo gidan rediyo. Ita kaɗai, a motar haya. Mai karɓar baƙi ta kira ni ta ce ga wata dattijuwa tana neman wanda ya zaɓi waƙar safiyar nan. Na leƙa ta gilashin ƙofa, ban buƙaci a faɗa mini ko wace ce ba. Hannuwa irin naka ne a kan jakarta, yadda kake haɗa su idan kana jira. Ka san abin da mace mai digiri biyu ta yi? Na ce a ce ina taro. Na koma ɗakin faya-fayai na tsaya a bayan kantar da ake jera su kamar kaza ta ga inuwar shaho. Sauran daga bakin mai karɓar baƙi na ji: aka kawo wa Mama ruwa, ta yi godiya, ba ta sha ba. Ta zauna har azahar, ta nemi wuri ta yi salla, ta dawo ta sake zama. Da ta gaji ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce wa yarinyar Allah ya yi mata albarka, ba komai, masu aiki ba sa samun lokaci. Ba ta bar saƙo ba.

Ban san me ya kawo ta ba. Ko ta zo ta ga fuskar wanda ya tono mata ɗa ne ta tsine masa, ko kuwa ta zo roƙon a sake saka mata ta ji. Na hana ta duka biyun. Kuma wannan ita ce matar da ka ce za ka kai ni in gaishe ta ƙarshen makon nan, wadda ka gaya wa ka sami yarinya mai hankali, mai aikin rubutu. Ba ta san mace ɗaya ce ba.

Ya farin watana, ya bishiyar da na jingina da ita har na manta tana da rai tana jin ciwo, ina sonka. Ina sonka kamar yadda busasshiyar ƙasa ke son hadari, ba kunya, ba dabara. Ina son yadda kake hura gilashi kafin ka goge, da yadda kake sauraron tsofaffi har su gama labarin da bai shafi ido ba. Duk wayona da nake taƙama da shi, a gabanka kaɗai na taɓa ajiye shi in huta. Shin wannan ne zan rasa saboda gurbin waƙa a shirin safe? In haka ne, hukuncin bai yi yawa ba, ni ce dai ban san yadda zan ɗauke shi ba.

Ba yafiya nake roƙo yanzu ba, ban kai nan ba tukuna. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka rufa mini asiri a wurinta. Na san halinka, za ka so ka kai ni a matsayin mai aikin rubutu, ka haɗiye sauran kai kaɗai har ƙarshen rayuwa. Kada ka yi. Gobe da hantsi zan zo gidanku da ƙafata. Zan cire takalmi a ƙofa, in durƙusa, in ce mata Mama, ni ce na saka waƙar, ni ce na ɓuya da kika zo, kuma ni ce wadda ɗanki yake so ya kawo miki. Faifan yana cikin jakata. In ta ce in fita da shi, zan fita. In ta ce in saka, zan saka tun daga farko har ƙarshe, ba wanda zai katse shi. Ba sai ka tsaya kusa da ni ba, ba sai ka ce uffan ba. Ka dai bar ƙofar a buɗe.

Ko ta sa mini albarka ko ta juya mini baya, ko ka sake kirana ko ka bar ni da wannan shirun, ba ni da wani bayan kai, kuma ba zan nema ba.

Taka, mai sunkuyar da kai a gabanka, mai sonka muddin tana numfashi.