Ƙafar Goggo a Bayan Keke Napep

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Wunti lafiya lau, sai dai Goggo ta daina yi mini magana.

Shafin intanet ɗin nan da nake ɗora hotunan zanen lallena ne ya ja mini. Ranar rajista suka jero sharuɗɗa da Turanci kamar ba za su ƙare ba, na danna "na yarda" ban karanta ba. Ashe a ciki sun ce duk hoton da na ɗora, suna iya sayar wa wanda suka ga dama.

Shekaranjiya Goggo za ta Ƙofar Wambai barka, sai ga ƙafarta da lallen da na zana mata manne a bayan keke napep, ana tallan maganin faso! Da karkataccen ɗan yatsanta ta gane. Na yi musu ƙorafi, suka ce ai ni na yarda.

Don Allah ki kira ta ki ba ta haƙuri. Ta ce tallan da sauƙi. Abin da ya ƙona mata rai, hotuna biyu ne, "kafin a shafa" da "bayan an shafa", ita kuma a gefen "kafin a shafa" suka sa ta.

Ki gaida kowa, a taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi