Motar Baba Tana Jiran Bakinka

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan kalau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ba sanda.

Dalilin wannan takarda shi ne motar marigayi Baba. Rufin gareji ya fara yoyo, dole muka yaye tamfol muka kira bakanike. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce hanya biyu ce. Ko a wanke ta, a sauya taya da batir, a bar mata fentinta da kujerunta yadda suke, ko kuma a kwance ta gaba ɗaya, a sake injin, a yi sabon fenti. Auta tuni ya zaɓi kala, shi burinsa ya hau titi a kalle shi. Ni kuwa na ce a bar ta. Kujerar direba har yanzu da lotsawar zaman Baba, sitiyarin ma ya koɗe daidai inda yake riƙewa. Wane fenti ne zai mayar mana da wannan?

Muna cikin musu Mama ta tsawatar, ta ce duk mu yi shiru, ba mu da ta cewa sai abin da Yayanmu ya yanke, tunda kai Baba ya koya wa tuƙi a cikinta. Wallahi Yaya, tun rasuwar Baba ni ke share mata ƙura, ni ke korar ɓeraye daga but ɗin bayanta, ni na ɗora ta a kan bulo don kada ƙafafunta su lalace. Kai ko hotonta ba ka taɓa nema ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Da muna yara ma kai ne a kujerar gaba kusa da Baba, ni ina baya ina kallon ƙeyarku. Jiya na ji Mama tana gaya wa Goggo cewa da kana nan da tuni an gama, alhali ina tsaye da tsumma a hannu.

Duk da haka, babba babba ne. Na sallami bakanike sai mun ji daga gare ka, kuma abin da ka ce shi za a yi. Alfarma ɗaya nake roƙo: ko gyara ka zaɓa ko bari, ka ce mukulli ya zauna a wurina. Kuma ka kira Mama ka faɗa mata da bakinka, don in daga nawa ne ba za ta ji ba.

Ka gaida Anti da yara, musamman takwarana. Mama, Goggo, Kawu da Auta duk suna gaishe ka.

Naka,
Ƙanenka na tsakiya.