Ranar da Baba Injiniya Bai Shigo Ba

Talata

Zuwa ga Baba Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun tashi lafiya, kai da Mama da sauran mutanen gida.

Baba, tun jiya nake kiran wayarka ba ka ɗauka, shi ya sa na aiko direban ofis. Za ka ga wata takardar a cikin ambulan, mai tambarin kamfani. Ta tuhuma ce. Mai kamfani ya ce a rubuta, ni kuma na sa hannu tunda ni ce manaja. Wannan kuwa tawa ce ni kaɗai.

Jiya tun ƙarfe goma muke gaban kwamitin asibitin da muke neman kwangilar gininsa. Mutum tara, kowa ya zuba mini ido. Na kunna majigi, zanen sabon ɓangaren haihuwa ya fito a bango, kujerarka kuma wayam. Na ce musu kana hanya. Minti arba'in ina jan su da bayanin tagogi da launin fenti, sai ka ce mai tallan labule. Da shugabarsu ta tambayi yadda ginshiƙai za su ɗauki bene na uku, sai na shiga jujjuya takardu. Wannan fanninka ne, wata bakwai kana kansa. Ta rufe fayil ɗinta ta ce, “Mun gode, za ku ji daga gare mu.” Kafin la'asar muka ji. An ba wani kamfanin aikin.

Shekara goma sha huɗu ke nan da ka zaunar da ni gefen teburinka ka koya mini karanta zane. Ban taɓa ganin ka makara da minti biyar ba. Me ya faru?

Ka huta lafiya.
'Yarka ta ofis

Laraba

Zuwa ga Manaja,

Wa'alaikumus salam. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan aiki yana tafiya daidai.

Takardu biyu sun iso hannuna. Ina amsa mai tambarin.

Ranar Litinin motata ta mutu a hanya, wayata kuma ba caji. Na san wannan ba hujja ba ce, domin ya kamata in fito da wuri. Laifin nawa ne, kada a ɗora wa kowa. Duk hukuncin da kamfani ya yanke na karɓa.

Ina neman hutun kwana uku saboda wani uzuri na gida.

Na gode.
Babban injiniya

Alhamis

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama.

Yau ni ce “ranki ya daɗe”? Ni da kake kira Sarkin Gaggawa a gaban baƙi?

Na koma asibitin ɗauko igiyar majigi da na manta. Maigadinsu ya tare ni ya ce, “Hajiya, dattijon nan naku mai farar mota ya samu sauƙi?” Ya ce tun tara da rabi ka shigo, ka ajiye mota a ƙarƙashin bishiya, ka buɗe zane a kan sitiyari. Ka fi awa biyu a haka. Ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaye ka ko lafiya, ka ce masa kana jiran wani.

Baba, taku hamsin ne tsakaninmu, ina ciki ina zufa.

Ban gaya wa mai kamfani ba. Ya ba ni zuwa Litinin in kawo masa takardar sallamarka. Idan wani kamfanin ne ya saye ka, faɗa mini, zan haɗiye. Idan ni na yi maka wani abu, shi ma faɗa mini. Ba ni abin da zan shiga ofishinsa da shi, don Allah.

'Yarka

Asabar

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Yaya aiki, yaya maigidan naki da yaran? Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da riƙe biro tun kina goyo.

Babanku bai san na rubuto ba. Takardarki na tsinta a aljihun rigarsa zan yi wanki, ya ninke ta har ta kusa yagewa.

Ba wanda ya saye shi. Wa zai saya? Ranar nan ya dawo da azahar, ya zauna a bakin gado da takalminsa. Ya ce mini, “Na buɗe zanen, na san hannuna ne, amma ban san me na rubuta ba.” Ya ce lambobin suna kallonsa yana kallonsu. Ya ji tsoron ya shigo ya tsaya a gaban mutane ya kunyata ki, ya ga gara ki ce ya ƙi zuwa.

Abin ya kai shekara. Da farko makulli ne da tabarau, muna ta yi masa dariya, ina ce masa tsufa ya kama mai gilashi. Sai ya fara tsayawa a tsakar falo ya tambaye ni me ya fito yi. Watan jiya ya ɓata a hanyar gidan ƙanwarsa, hanyar da ya yi shekara talatin yana bi. Na ce mu je asibiti, ya rantse in na gaya wa wani ba ni ba shi. Jiya dai da kuka da komai na ja shi. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, magani yana rage masa gudu, amma ba ya mayar da abin da ya tafi.

Roƙona ɗaya. Ku bar shi ya riƙa zuwa, ko kusurwa ce ku ba shi da tebur. Mutumin nan bai iya zaman gida ba. In kuka raba shi da ofis, ban san wa zan riƙa kai wa shayi da safe ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mamanku

Laraba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya mai jiki? Allah ya ba ki ladan jinya.

Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasan ofis.

Litinin na shiga wurin mai kamfani na gaya masa komai. Na ɗauka zai tausaya. Sai ya ce, “Shekara guda? Zane nawa ya buga wa hatimi a shekarar nan?” Wallahi Mama, tambayar ba ta zo mini ba sai da ya yi ta.

Goma sha ɗaya ne. Kwana biyu muna bin su layi-layi ni da injiniyoyi biyu. Tara lafiya lau. Ɗaya ƙaramin gyara ne. Na ƙarshen makarantar firamare ce mai hawa biyu, an riga an zuba kankaren hawa na sama. Rodin da ya rubuta wa ginshiƙan tsakiya bai kai rabin abin da ake bukata ba. Saura wata biyu yara su shiga.

Jiya na je da kaina na tsayar da aikin. Magina suka ajiye cebur suna kallona. Za a rushe rabin ginin.

Sa hannuna yana ƙasan nasa a zanen nan. Aikina ne in duba, ban duba ba. Na ga rubutun Baba ne, na sa hannu ina waya. Hukumar gine-gine ta ce mu bayyana gabanta ranar Litinin mai zuwa, kuma mai kamfani ya ce in fara kwashe kayana daga ofishin manaja.

Maganar kusurwa da tebur, na roƙa har sau biyu. Ya ce ko ƙofa kada a bari ya shigo. Ba ni da sauran bakin da zan sake roƙo.

Kada ki gaya masa zancen makarantar. Ki ce masa hutu aka ƙara masa.

'Yarki

Juma'a

'Yata,

Ina gaishe ki. Yau kaina a sake yake, shi ya sa nake sauri.

Mamanku ba ta iya ɓoye takarda ba. Na karanta. Alhamdu lillahi da ba a kai ga shigar yaran ba.

Ga hatimina da makullin ofis. Ga kuma bayani zuwa ga hukuma, cewa na san halin da nake ciki na ɓoye miki. Ki miƙa musu ranar Litinin tun ina iya tsayawa a kan maganata.

Kada ki zo duba ni yanzu, ba zan iya haɗa ido da ke ba. Ki bari sai na daina jin kunyarki. Likita ya ce ranar da zan manta komai ba ta da nisa.

Ki huta lafiya.
Babanki