Kawu Yana Son Komawa Lajawa

Daren Juma'a, Wudil

Kai, Allah ya yi wa kuɗin fetur albarka! Yau har Baturiya muka samu a asibitin da Kawu ke kwance a Kano, ta ƙetaro teku tana binciken yadda za a sauƙaƙa wa mai barin duniya. Ta sa tafinta ya tambayi Kawu me yake so.

Ya ce, "'Yar nan, a mai da ni gida Lajawa."

Ta yi murmushi, aka ƙara masa allura, aka kaɗa ƙararrawar ƙarewar dubiya aka kore mu.

Na tuna rasuwar Baba. Kansa bisa cinyar Inna, tana ɗiga masa ruwa da auduga, maƙwabta na karatun Yasin a zaure.

Gobe zan ɗauko Kawu, ko likita ya ƙi. Amma in lokacin ya zo yau, wa zai laƙƙana masa kalmar shahada, ƙarfen da ake rataye masa ƙarin ruwa?