Ɗauraya Irin Ta Gidanmu

Zuwa ga ƙanwata, Autar Umma,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, kina cin abinci yadda ya kamata. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma zagayensa na yamma, Umma kuwa tana nan yadda kika bar ta, kullum hannu cikin ruwa. Ni ma ina nan da littattafaina. Jiya na gama wani, wanda jarumar ta jira masoyinta shekara bakwai a bakin taga, na sha kuka har miyata ta kama. Maigida ya ci a haka, ya ce ya saba.

Auta, tun ranar Talatar da kika kira ni kina kuka ban samu sukuni ba. Kin ce kin sake faɗuwa gwajin rina ƙwayoyin cuta, dama ɗaya ta rage miki, rajistarta za ta rufe ƙarshen wata, ke kuma kin haƙura da karatun jinyar. Kika ɗora mini nauyin gaya wa Baba, daga nan kika daina ɗaukar wayata. Shi ya sa na ɗauko biro, don takarda ba a kashe ta a kunnen mutum. Gaskiya ban gaya masa ba. Sau biyu na je da niyya. Na biyun na tarar da shi da wata 'yar takarda a aljihu, yana tara tambayoyi kan hawan jininsa, wai sai likitarsa, wato ke, ta zo hutu zai yi su, don na asibiti sauri suke yi. Na sha ruwa na dawo gida.

Da maigida ya ga na kasa cin abinci ya tambaye ni, na faɗa masa. Kin san shekararsa nawa yana aikin ɗakin gwaje-gwaje, amma kunya ta hana ki nemansa. Abu ɗaya ya tambaya, wai me kika gani a madubin duba ƙwayoyin cutar. Na ce kin ce ƙwayoyin da ya kamata su fito shunayya duk sun fito ruwan hoda. Sai mutumin nan ya kama dariya. Na yi fushi sosai, na ce ƙanwata na kuka shi yana dariya. Ya ba ni haƙuri, ya ce in kai masa abinci ranar Asabar da rana lokacin da babu mutane, zai nemi izinin shugabarsu.

Ɗakin ƙarami ne, fari fat, yana warin sifirit. Akwai wurin wanke hannu da ya rine da tabo kala-kala, da kwalabe huɗu a jere. Ya sa mini safar hannu da farar riga da ta kai mini ƙasa, ya shafa ɗigon yogot a ɗan gilashi, ya ce ƙwayoyin da ke ciki ba sa cutarwa, kuma shunayya za su fito. Da ya fara bayani na ce ya dakata, ai wannan labarin na san shi. Rinin farko shi ne masoyin fari, ruwan aidin da ke ɗaure rinin shi ne alkawari, sifirit kuma jarrabawar da ke zuwa a tsakiyar littafi. Ƙwayoyi masu kaurin bango su riƙe launinsu, masu siririn bango su sake shi, su karɓi jan rinin da ya zo daga baya. Ya ce bai taɓa jin an ɓata ilimi da kyau haka ba, amma na yi daidai. Ya ƙara da cewa launin nan na cikin abin da likita ke dubawa kafin ya zaɓi magani, saboda haka malamar da ta kayar da ke ba mugunta ta yi ba.

To, na yi na farko, ruwan hoda. Na yi na biyu, ruwan hoda. Yana tsaye yana kallona, sai da na gama ya kwaikwayi yadda nake yi. Wai in zuba sifirit, in karkata gilashin, in ɗaga shi wajen haske, in ga ɗan sauran launi, in sake zubawa. Ya ce da irin wannan wanki ko mai kaurin bango sai ya saki rininsa, ya tambaye ni wa ya koya mini. Auta, nan take na ga Umma a bakin famfo da bahonta uku, tana ɗaga riga wajen rana tana cewa a sake, sai ruwan ya fita fari tas. Kin tuna shuɗiyar rigar Baba da ta koma kalar toka? Kin tuna kayan makarantarmu sun fi na kowa koɗewa a aji? Ke kuwa kin fi ni, ke ce mai ɗauraye kofi sau huɗu kafin ki ba baƙo ruwa. Na zauna a kujerar nan na yi dariya har da hawaye. Ashe ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba, tsabtar gidanmu ce ta bi ki har makaranta.

A karo na uku ya ce in zuba sifirit sau ɗaya, in ƙirga goma a nutse, in saka ruwa nan da nan, ko zuciyata na ce mini da saura. Wallahi hannuna sai da ya yi ƙaiƙayi. Da na leƙa madubin, sai ga su, ƙananan sanduna shunayya, wasu a jere kamar sun riƙe hannun juna. Na yi ihu har mai shara ta leƙo. Ni da ban iya komai ba sai karanta soyayya, na gan su da idona. Maigida ya ce in gaya miki bai ga hannunki ba, yana iya zama wani abin ne daban, don haka ki roƙi malamarki ta tsaya a kanki sau ɗaya daga farko har ƙarshe, ki bi ƙirgen da ta ba ki. Amma ya ce in aka tambaye shi, famfon Umma zai nuna.

Ga sharaɗina. Ki je ki yi rajista, ki rina gilashi ɗaya kina ƙirgawa. In bayan haka har yanzu kina son barin karatun, ki kira ni, ranar zan je wurin Baba, ba zan sake shan ruwa in dawo ba. Kafin nan, saƙonki yana wurina a ajiye.

Baba da Umma suna gaishe ki, haka Yaya Babba da matarsa da 'yan biyunsu. Ki gaishe mini da Gwaggo da ta riƙe ki, da ƙawarki mai gilashi. A cikin ƙunshin nan akwai sabon ɗankwali shunayya, Umma ce ta sayo miki. Na same ta ta riga ta tara ruwa a baho, na fizge shi da kyar. Ki ɗaura shi ranar gwajin, yana nan da launinsa.

Taki har kullum,
Yayarki mai littattafai