Sunan Inno Ba Ya Cikin Rajista

Pantai Dalam,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yayana Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bilqis da yara. Allah Ya ƙara wa Baba sauƙin ƙafar nan tasa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Sharfaddeen yana ta fama da rubutun digirinsa, shekara biyu ke nan kullum saura kaɗan. 'Yarmu Ihsan ta shiga aji uku, in na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, in na tsawata ta ƙara da yaren Malesiya.

Yaya, na zaɓi rubutu ne saboda in na kira ka kuka zai hana ni magana, kai kuma ka iya lallashi. Ranar da ka gaya mini wutar daji ta tsallako daga gonaki ta cinye gidajen ma'aikatan firamaren garinmu, mu ma nan hayaƙin gobarar dazuzzuka ne ya rufe gari, har an sallami yara daga makaranta. Ina sauraronka ina shaƙar ƙauri, na ce ka bar mini. Na bi matan 'yan uwanmu gida-gida, daga nan har Titiwangsa. Matan ɗalibai ne, Yaya, ba masu hali ba. Wata ta buɗe akwati ta ciro atamfar da ba ta taɓa ɗaurawa ba. Maƙwabciyata Khaulah, 'yar ƙasar nan, wadda ko sunan garinmu ba ta iya faɗa, ta kawo barguna. Bilya mai aika kaya daga Brickfields ya kai mana su gida kyauta. Duk inda na shiga labarin Inno nake bayarwa, tsohuwar da ke share makarantar tun muna aji ɗaya, wadda ɗakinta wuta ta fara kamawa, ta tsira da zanen jikinta kaɗai. Da sunanta na yi roƙo. Na kuma bugi ƙirji na ce musu shugaban makarantar yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ko allura ba za ta ɓata ba.

Shekaranjiya ƙanwarmu Raudatu ta turo mini bidiyon rabon. Na ga rumfa da lasifika, na ga manyan gari a jere, na gan ka cikin babbar riga kana kiran sunaye daga rajistar ma'aikata. Malamai sun karɓa, na ji daɗi, hakkinsu ne. Sai kuma na ga ana bin baƙi da leda ɗaya bayan ɗaya. Na gane shuɗin bargon Khaulah a hannun direban wani babba, yana cusa shi a bayan mota. Na yi ta neman Inno ban gan ta ba sai can ƙarshe, taro ya watse, ta duƙa da tsintsiya tana share ledojin ruwan da aka zubar.

Raudatu ta ce da ta yi maka magana, cewa ka yi Inno ba ta da lambar aiki, iyayen yara ne ke ɗan kula da ita, kuma ba a gayyato manya a sallame su hannu rabbana. To wa ya ce ka gayyato su? Da wutar ta zo, rajistarka ta duba? Matar nan ta goye ka ranar da ka suma a filin makaranta, ta kai ka gida da ƙafa. Yau tana kwana a zauren mutane kan tabarmar aro, ga sanyi ya shigo. Wallahi ka watsa mini ƙasa a ido, kuma ban taɓa zaton kai ne za ka yi mini haka ba.

Ranar Asabar matan za su taru a bakin tafkin Titiwangsa, sun ce in zo musu da bidiyon. Khaulah kullum muka haɗu a matakala sai ta tambaye ni ko kakar nan Inno ta samu bargonta, ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Ba zan yanke komai daga bidiyon ba, ba zan kuma yi musu ƙarya ba. Ka san gidajen da kayan suka shiga. In ka cire kunya ka bi ka karɓo ka kai wa Inno kafin ranar, zan ce yayana ya yi kuskure ya gyara. In ba ka yi ba, zan nuna musu in ce wannan mai babbar rigar shi ne wanda na tsaya masa.

Ka gaishe mini da Baba da Bilqis, da yara Walida da Alkasim, ka ce ina kewarsu. Sharfaddeen da Ihsan suna gaishe ku. Gaisuwar Inno kuwa na ba Raudatu ta kai mata, don ban san ko za ta isa ba in ta bi ta hannunka.

Ƙanwarka,
Zubaidatu